Yaya Asabe da Ajin da Iyaye Suka Zauna

Yau shekara tara ke nan da muka raka Yaya Asabe makwancinta a Haɗeja. Allah ya ji ƙanta, ya kai haske kabarinta. Ni ƙaninta ne, ciki ɗaya, ni ne autan ɗakinmu, kuma bayanta na fara sani kafin na san na mahaifiyarmu, don ita ta yi goyona. Kowace shekara idan ranar ta zagayo nakan tara 'ya'yanta da nawa a tsakar gida mu yi mata addu'a mu watse, ba wanda ya ji. Bana na ga shirun ya isa. Akwai wata magana da take yawo a rediyo da majalisu da ɗakunan taro, ana maimaita ta kamar hadda: wai talakawanmu ba su damu da karatun 'ya'yansu ba, wai su dai su haifa su turo makaranta, ko an kira su ba sa zuwa. Da Yaya tana raye da ba ta bar maganar nan ta kwana ba. Tunda ba ta nan, bari in amsa a madadinta da abin da na gani da idona.

Yaya Asabe malamar firamare ce, kuma a haka ta koma ga Ubangijinta. Ba ta taɓa riƙe makaranta ba, ba ta zauna a ofis ba. Gajeriya ce, kakkaura, mai murya. In tana koyarwa a aji ɗaya, 'yan aji shida suna iya bin darasin. Ba ta iya lallashi ba, kuma ba zan ce kowa ne yake son ta ba. Akwai dangin da har yau idan aka ambace ta sai sun ce, "Allah ya ji ƙanta, amma fa akwai baki." Yawancin shekarun aikinta a ƙauyukan fadama ta yi su, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai wani ƙauye ne ta wajen Auyo. Ba zan kama sunansa ba, saboda wasu daga cikin waɗanda labarin zai taɓa suna nan da ransu. Da rani babur yana kai ka har ƙofar makarantar. Da damina kuwa sai ka ajiye babur a gindin wata tsamiya ka jira kwalekwale. A lokacin ni malamin gona ne a wannan yanki, don haka sau da yawa ni nake ɗaukar ta, ina tuƙi tana ba ni labarin ajinta ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Da aka kai ta ƙauyen, aji huɗu aka ba ta. Makon farko ta dawo gida ranta a ɓace. Ta ce yaran suna rera abin da yake kan allo tiryan-tiryan, amma da ta goge ta sake rubuta kalmomin a hargitse sai ajin ya yi tsit. Sauti suka haddace, ba su san baƙi ba. Mafi yawansu ba sa iya haɗa "ba" da "ka" su ce baka. Lissafi kuma da zarar ya wuce yatsun hannu ya ƙare. An yi ta turo su daga aji zuwa aji, kowane malami yana sauke kayansa a kan na gaba.

Ta je ta sami hedimasta, wani dattijo mai haƙuri wanda aikin ya riga ya gajiyar. Ya ce mata laifin iyaye ne. Yau sun kai yara korar tsuntsu a gonar shinkafa, gobe sun tafi da su kamun kifi, jibi talla. Ta tambaye shi ko an taɓa kiran iyayen. Ya ce ai ana kiransu, duk lokacin da iska ta yaye rufin aji, ko yaro ya yi laifi.

"Ashe ba su taɓa shigowa makarantar nan ba sai don a roƙe su ko a yi musu faɗa," in ji ta. "Malam, ni ma da haka ake kirana, da ban zo ba."

Hausawa sun ce rashin kira, karen bebe ya ɓata. Wannan shi ne abin da Yaya ta gani, kuma a kansa ta tsaya har ƙarshen ranta. Ta haɗa kai da wata abokiyar aikinta, Malama Rifkatu, mutuniyar Filato da aiki ya kawo mijinta Haɗeja, wadda take da hannu a lissafi. Suka yanke shawarar buɗe ƙarin darasi bayan la'asar ga yaran da aka bari a baya. Ba za a karɓi komai daga kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne: yaro ba zai zo shi kaɗai ba. Sai ya zo da uwa, ko uba, ko kaka, ko gwaggo, ko wa, duk wanda yake kwana gida ɗaya da shi. Ba ta ba yara saƙo su kai ba, don ta san saƙon yaro a hanya yake zubewa. Da ƙafarta ta bi gida gida tana sallama.

Amsar da ta fi ji daga mata ita ce, "Malama, ni da ban san komai a boko ba, me zan zo in yi?" Ta ba ni labarin abin da ta ce wa ɗaya daga cikinsu. Ta tambaye ta, idan ɗanta ya dawo daga aike yana yi mata ƙarya, tana ganewa? Matar ta ce tun kafin ya rufe baki. Yaya ta ce, "To karatu ma haka yake. Idan ya yi tuntuɓe za ki ji a muryarsa. Ba na son ki koya masa komai, aikina ne wannan. Ki zauna kusa da shi, ki saurara, in kin ji abin bai zauna ba ki ce ya sake."

Matan aure da yawa a ƙauyen ba sa fita da rana, kuma Yaya ba ta tsaya jayayya da mazansu a kan haka ba. Ta je wurin Iya Tabawa, wata tsohuwa mai bandar kifi da take da faffaɗan tsakar gida, ta roƙi a ba ta wuri. Nan mata suke haɗuwa da yaransu, hayaƙin banda yana shiga ido. Maza kuma suna zama a ƙarƙashin darbejiyar da take bakin makaranta. Malaman biyu suna musanya, yau wannan tana ciki waccan tana waje. Kayan aikinsu bai wuce kwali da aka yanka aka rubuta gaɓoɓin kalma a kai ba, da tsakuwa, da tsinken tsintsiya da ake ɗaurewa goma-goma. Na taɓa tsayawa a bakin darbejiyar na ga Malama Rifkatu tana nuna ɗebewa mai aro. Ta ce in na warwatse ba su isa ba, sai a kwance ɗauri ɗaya. Uban yaro yana riƙe da ɗaurin, yaron yana kwancewa yana ƙirgawa. Abin da alli ya kasa sawa a kan yaron shekara biyu, hannun ubansa ya sa masa a yamma ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka garin ya taso gaba ɗaya. Farkon farawa ba su cika tabarma biyu ba. Samari a bakin kasuwa suka sa wa abin suna makarantar gwaggwanni. Wasu suka zo sau ɗaya suka ga ba a raba komai, ba su dawo ba. Wasu malaman ma suka yi ta gunaguni cewa tana so ta nuna su ba sa aiki. Amma sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya ja mutane shi ne ganin ɗan maƙwabci, wanda kowa ya san shi da daƙiƙanci, ya tsaya a kasuwa yana karanta abin da aka rubuta a jikin buhun taki.

Akwai mutum ɗaya da ya ƙi zuwa ƙememe, Malam Idi masunci. 'Yarsa Hajara tana aji huɗu, yarinya mai shiru wadda mahaifiyarta ta rasu, kakarta kuma kunnenta ya yi nauyi. Ba ta da wanda zai rako ta sai shi. Yaya ta aika, ta sake aikawa, bai zo ba. Wata rana da hantsi ta sa na kai ta bakin kogi, muka same shi cikin kwalekwalensa yana kwashe ruwa da ƙoƙo. Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ci gaba da kwashe ruwansa, ya ce:

"Malama, ni a gidana uba ne. Kina so in je in zauna a gaban 'yata, ta gane ban san abin da yake cikin takarda ba?"

"Malam Idi, wannan ta riga ta sani," in ji Yaya. "Abin da ba ta sani ba shi ne ko ka damu."

Ya dube ta, ya ajiye ƙoƙon, ya ɗauki gorarsa ta tuƙi ya tura kwalekwalen ya bar mu tsaye a gaɓa. A hanyar dawowa na ce mata ta yi masa tsauri, mutum da girmansa. Ta ce gaskiya ɗaci gare ta, kuma in ta jira ta sami mai zaƙi Hajara za ta gama aji shida ba ta iya rubuta sunanta ba.

Makonni suka wuce. Wata yamma sai ga shi ya zo da komarsa ta kamun kifi a kafaɗa, Hajara tana biye. Bai zauna a kan tabarma ba. Ya sami saiwar darbejiya can gefe ya zauna, ya ɗan juya baya, ya kama ɗinkin koma kamar inuwa ya zo sha. Yaya ba ta yi masa sannu da zuwa ba, ba ta ma dubi inda yake ba, ta dai zaunar da yarinyar inda muryarta za ta kai gare shi. Haka ya yi ta zuwa, ba ya cewa uffan. Ranar da ya yi magana ina wurin. An ba Hajara wani layi ta karanta, ta bi shi a hankali: "Baba ya kama kofi a kogi." Malam Idi bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba ya ce, "Kofi? Tunda nake su ban taɓa kama kofi ba. Sake dubawa." Yarinyar ta sake dubawa, ta sa yatsa a ƙarƙashin kalmar, ta ce kifi. Mazan da suke wurin suka yi dariya, shi ma ya yi, ita ma ta yi, kuma wannan ne karo na farko da na ga haƙoran yarinyar. Daga ranar ya dawo kan tabarma.

Lokacin da shinkafa ta fara nuna, jan-baki ya sauko, kuma duk wanda ya san fadama ya san ba mai barin gonarsa ga tsuntsu saboda darasi. Yaya ba ta yi wa kowa wa'azi a kan haka ba, 'yar manomi ce, ta san abincin shekara ake magana. Ta tambayi iyayen yadda za a yi. Su da kansu suka tsara karɓa-karɓa, yaran gonakin da suke maƙwabtaka suna tsare wa juna, wasu suna gona wasu suna darasi. Shekarar da ruwa ya ci makarantar, mutane suka koma kan tudu, a ƙarƙashin tamfol aka ci gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in ka tambaye shi zai nuna maka. Matsalarmu ita ce ba ma tambaya, daga gari muke tsara wa mutane rayuwarsu, in tsarin ya karye mu ce su ne ba sa so.

Abin da ya raba Yaya da ƙauyen siyasa ce. Zaɓe ya matso, wani ɗan siyasa na yankin ya ji cewa akwai inda iyaye suke taruwa da kansu ba tare da an yi musu kiɗa ba. Ya zo da mota da yaransa, da atamfa da sabulu, ana tsakiyar darasi. Ya ce yana so ya ɗan gaisa da jama'a, ya yi musu ihsani.

"Ranka ya daɗe, ka jira mu tashi," in ji Yaya. "Ga fili can, in sun fito sai ka same su."

Ya ce ba zai daɗe ba, kuma ai alheri ya kawo.

"Ranar da na bari aka raba sabulu a kan tabarmar nan, gobe don sabulu za a zo. Na sha wahala kafin su yarda cewa don yaransu nake kiransu. Ka yi haƙuri."

Bai jira ba. Ya shiga motarsa ya tafi da kayansa. Ba a daɗe ba sufeto ya zo daga ofishin ilimi, ya ga mata da goyo da maza da fatanya a harabar makaranta, ya koma ya ce Malama Asabe ta mai da makarantar gwamnati wurin taro ba da izini ba, har ana raɗe-raɗin cewa ɗaya ɓangaren siyasar take tara wa mutane. Aka canza mata wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa ta wajen Miga. Hedimasta ya kira ta gefe ya ce ta je ta ba ɗan siyasar haƙuri, magana ɗaya zai yi a janye. Ta ce, "In je in ce masa me, Malam? In ce na tuba, na koya wa yara karatu?" Ba ta je ba.

Waɗanda suka je su ne iyayen. Ta hana su, ta ce su zauna su riƙe darasin, amma ba su ji ba. Malam Idi ya kwashe dattawan garin a kwalekwalensa ya haye da su, suka hau babura, suka iso ofis da safe cikin rigunansu na Juma'a. Aka ce su zauna a benci, mai gida yana taro. Suka zauna. Azahar ta yi suka fita suka yi salla suka dawo. Aka ce ya fita, zai dawo. Suka zauna har aka fara rufe tagogi, masinja ya zo ya ce su dawo wani lokaci. Ni na same su a wurin, ni na sayo musu ruwa. Duk wanda ya sake cewa a gabana talakawa ba sa zuwa in an kira su, zan ba shi labarin wannan benci. Waɗannan ba a ma kira su ba, su suka kawo kansu har ƙofa saboda karatun 'ya'yansu, aka rasa mai cewa su shigo.

A sabon ƙauyen Yaya ta sake farawa daga tushe, gida gida. Amma shekaru sun ja, hawan jini ya kama ta, hanyar ta fi nisa, kuma babu Malama Rifkatu a gefenta. Shugaban wannan makarantar ya ji labarinta kafin ta iso, ya ƙi ba ta ko benci. Ta yi abin da za ta iya a zauren wani mai unguwa. Bai kai na farko ƙarfi ba, ita ma ta san haka, kuma yana cin ranta. Wata safiya ta faɗi tana shirin fita aiki, jakarta a hannu. Ta yi 'yan kwanaki a asibiti Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki mutanen ƙauyen farko suka cika mana ƙofar gida, wasu ban ma san su ba. Malam Idi ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Ta faɗa mini maganar da ba wanda ya taɓa faɗa mini. Allah ya saka mata."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Haɗejar yau. Makarantun kuɗi sun cika unguwanni, mai hali yana ɗaukar malamin da zai zo gida ya yi wa ɗansa ƙarin darasi, marar hali kuma ɗansa yana cikin ajin da malami ɗaya ba ya iya ganin na baya. Da ta yi murna da wasu abubuwa. Yanzu ana maganar a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya sha a nono, abin da take faɗa tun ana yi mata kallon 'yar ƙauye. Waya ma da ba ta tsane ta ba. Na san da ta sa yaro ya karanta layi biyu a ɗauki muryarsa a tura wa ubansa da yake ci-rani a kudu. Amma da ta ga tarukan da ake yi a otal-otal a kan shigar da iyaye cikin karatu, da ƙyalle mai rubutu a bango da abinci a leda, da tambaya ɗaya za ta yi: a cikinku wa ya taɓa yin sallama a ƙofar gidan uwar da ake magana a kanta? Da kuma ta ga aikin gida da ake ba ɗan aji biyu da Turanci ya kai wa uwar da ba ta taɓa shiga aji ba, gobe a doke shi don bai yi ba, a ce iyayensa ba su kula, da muryarta ta kai bakin kogi.

Ba ina cewa duk iyaye waliyyai ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai uban da ya san ranar kasuwar kowane gari amma bai san ajin ɗansa ba, kuma Yaya ta haɗu da irinsu, wasu har ta bar garin ba su zo ba. Ba kuma ina ɗora wa malamai laifi ba ne, na san yadda suke fama, ƙanin malama ne ni. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a yanke wa mutane hukunci ba a gwada su ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai cewa ba za su zo ba, sau da yawa hutu yake nema wa ƙafarsa.

To me ya rage na Yaya Asabe bayan shekara tara? Ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba, kuma ba na nema. Malama Rifkatu ta riƙe darasin har aka mayar da mijinta gida. Bayan tafiyarta abin ya yi ta mutuwa yana tashi. Iya Tabawa ta rasu, an raba gidanta. Darasin ƙarƙashin darbejiya ma ya tsaya. Na ƙauye na biyu bai wuce shekarar rasuwarta ba. A cikin yaran akwai waɗanda har suka bar makaranta karatun bai zauna musu ba. Hajara ba ta zama likita ba, ba ta zama lauya ba. Ta gama firamare, ta ɗan taɓa sakandare, ta yi aure a fadamar, tana ɗinki. Na gan ta bara da na je ta'aziyyar mahaifinta. Ita take karanta wa matan layinsu rubutun jikin magani, kuma ta gaya mini ɗanta ba ya ajiye jaka sai ya karanta mata abin da aka yi a ranar. In aka auna da ma'aunin ofis, wannan ba komai ba ne. Ni kuwa na san gidan da ta fito, na san ranar da ta kasa bambance kifi da kofi.

Abin da ya rage kuma akwai wanda yake wuyana. Watan jiya aka yi taron iyaye da malamai a firamaren unguwarmu, inda jikokina suke. Shugaban makarantar ya faɗi gaskiya cewa 'yan aji uku da huɗu da yawa ba sa haɗa baƙi. Wani ya kawo shawarar ƙarin darasi tare da iyaye, aka fara kawo dalilan da za su hana. Na tashi na ce a ba ni aji ɗaya ranar Asabar, da malami ɗaya mai yarda, kiran mutane kuma a bar mini. Shugaban ya ce, "Baba, za ka wahalar da kanka." Na ce na yi ritaya, ƙafata ba ta da wani aiki. Wata matashiyar malama ta ce za ta zo. Na bi layinmu da na bayanmu gida gida. An ba ni ruwa a wasu gidajen, a wasu an amsa mini daga bayan ƙofa, wani ma ya tambaye ni takarar me nake.

Asabar ɗin farko muka share ajin, muka fitar da bencuna muka shimfiɗa tabarmi. Waɗanda suka zo ba su da yawa. Akwai wani mai adaidaita sahu da ya ajiye kekensa a ƙofa ya ce ba zai daɗe ba, ya kuma zauna har aka tashi. Akwai mata uku da goyo. Malamar ta fara raba kwalayen da muka yanka, sai muka ji sallama. Wata tsohuwa ce, ta dogara sanda, jikanta yana riƙe da gefen mayafinta. Ban tuna na shiga gidanta ba, daga baya na ji maƙwabciya ce ta gaya mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban allo da kwalayen, kamar mai shirin juyawa.

"Malam, ni fa ban iya komai ba," in ji ta. "Uwarsa ta rasu, ubansa yana tafiya. An ce wai ko zama mutum ya yi ya isa."

Na ce mata ya isa, Iya.

Ta cire takalmanta ta jera su a bakin ƙofa, ta jingine sandar a bango. Na matsa mata a kan tabarma, ta zauna, ta jawo yaron kusa da gwiwarta, ta ce masa, "To, karanta in ji."